Kiran murya ta intanet a wayar hannu

Kiran murya ta intanet, wanda masana ke kira VoIP amma mutane suka fi sani da kiran data ko kiran WhatsApp, hanya ce ta yin magana da mutum ta babbar waya ba tare da an taɓa kuɗin katin da ke kan layi ba, data kawai yake ci. Waya ce ke ɗaukar muryar ta maida ita lambobi, ta daddatsa su ƙanana ƙanana ta tura ta sabis ɗin 3G ko 4G ko 5G, wayar wanda ake kira kuma ta sake harhaɗa su ta fitar da sauti, duk kafin daƙiƙa ɗaya ta cika.

Asali

Abin ya girmi babbar waya nesa ba kusa ba. Tun wajajen 1973 zuwa 1974 masu bincike a Amurka, cikinsu har da Danny Cohen, suka fara gwada tura murya ta ARPANET, wato tushen intanet ɗin da muke da shi yau. Amma sai a 1995 kamfanin VocalTec na Isra'ila ya fito da manhajar da mutum zai saka a kwamfutarsa ya kira wani, kuma lokacin muryar sai a hankali. Wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne Skype, da Niklas Zennström ɗan Suwidin da Janus Friis ɗan Denmak suka kafa a 2003, 'yan ƙasar Estoniya ne suka rubuta manhajar. Microsoft ta saye shi a 2011 kan dala biliyan 8.5, ta kuma rufe shi a watan Mayun 2025. Viber ya zo a 2010. WhatsApp an kafa shi a 2009 don saƙon rubutu, Facebook ta saye shi a 2014, kiran murya bai shigo ba sai 2015, na bidiyo kuma 2016.

A Najeriya

Nan ne labarin ya fi daɗin ji. Kafin 2001 layukan NITEL, kamfanin waya na gwamnati, a ƙasar nan kaf ba su kai rabin miliyan ba, ɗan Arewa da ke neman kuɗi a Ikko in yana son a ji daga gare shi a gida sai dai wasiƙa ko saƙon baka ta hannun direban babbar mota ko mai tafiya a jirgin ƙasa, wasu ma kaset suke ɗauka su aika. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM kan dala miliyan 285 kowanne, Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. Minti ɗaya kusan naira 50 ne, ko da sallama kaɗai ka yi ka kashe sai an cire na minti cikakke, har sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Zamanin 'yan lema ke nan, masu tebur da kujera a bakin titi da ake biya a yi kira.

Kiran intanet a lokacin sai a kafe, wato shagon intanet, a kwamfuta. Abin da ya sauya lamarin shi ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a gaɓar Legas, MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, WACS a 2012, sai Equiano ta Google da ta sauka a 2022, ga kuma wayoyin Android masu araha irin su Tecno da itel da suka cika kasuwar Computer Village a Ikeja. 3G ya fara ne wajajen 2007, 4G ya bazu daga 2016, MTN ta kawo 5G a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 da wasu daga cikin wayoyin tekun suka katse a kusa da Kodebuwa, mutane sun ji a jikinsu don intanet ya yi kwanaki yana ja.

Inganci

Murya ba ta cin data sosai, galibi minti ɗaya ba ya kai megabait ɗaya, bidiyo ne mai zuƙa. Matsalar ita ce jinkiri. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce in murya ta isa cikin kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa hira za ta tafi lafiya, in ta wuce haka da yawa sai a fara katse juna ana "kana ji na?". Cunkoson jama'a a kan turken sabis guda, kamar kasuwar Mile 12 ta Legas da safe ko cikin gosulo, yana jawo hakan. A 2G kuwa kusan ba ya yiwuwa.

A tsakanin Hausawan Legas

A Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 amfaninsa mafi girma shi ne kiran nesa. Mai kayan gwari zai kira dillalinsa a Kano ko Zariya su yi ciniki, har ya kunna bidiyo ya ga kwandon tumatir ɗin kafin a loda. Waɗanda suka fi kowa cin moriya su ne 'yan uwanmu na Nijar, mutanen Maraɗi, Damagaram da Tawa, don kiran ƙasar waje da kati yana da tsada ƙwarai alhali a data Yamai da Yaba kuɗinsu ɗaya ne. Haka masu 'yan uwa a Saudiyya da Gana da Sudan.

Sai dai dole ɓangarorin biyu su kasance da babbar waya da data da sabis mai ƙarfi, kuma abin da ya fi damun mutane ke nan, domin tsohuwa a ƙauye yawanci ƙaramar waya mai tocila gare ta, ita sai da kati. Da yawa sun fi son saƙon murya, a aika a ajiye, in sabis ya dawo a saurara. A Satumban 2021 da aka rufe sabis a Zamfara saboda matsalar tsaro, babu kati babu data.

Taƙaddama

Kamfanonin waya sun sha kokawa cewa manhajojin nan na rage musu kuɗin shiga, amma a Najeriya ba a toshe su ba. Hadaddiyar Daular Larabawa tana hana kiran WhatsApp, Saudiyya ta sassauta nata haramcin a 2017. WhatsApp ya ce tun 2016 kiransa a kulle yake, ba mai iya saurara a tsakani, wasu na shakka. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Kiran WhatsApp ba ya shiga lambobin gaggawa, 112 ko 767 na jihar Legas sai ta layin waya.