Mai ƙahon nan na 'yan Wicca ba Shaiɗan ba ne

Da zarar mutum ya ga hoton abin bautar 'yan Wicca (wani addini da mabiyansa ke kiran kansu mayu), namiji mai ƙahon barewa a ka, sai ya ce ai Shaiɗan suke bi. Zargin ya daɗe yana yawo a Turai da Amurka, alhali galibin mabiya addinin ba su ma yarda akwai Shaiɗan ba.

Wicca ta fito fili ne a Ingila ta hannun Gerald Gardner, bayan an soke dokar hana maita a 1951. Abin bautarsu biyu ne, mace da namiji, kuma da yawansu sun fi girmama macen. Ita da wata ake danganta ta: budurwa ce lokacin jinjirin wata, uwa idan ya cika, tsohuwa idan ya fara raguwa. Namijin kuwa na daji ne da farauta.

Ƙahonsa ya girmi zanen Shaiɗan mai ƙaho nesa ba kusa ba. An aro siffar daga Cernunnos, abin bautar mutanen dā na ƙasar da a yau ake kira Faransa, wanda aka sassaƙa sunansa da kansa mai ƙaho a jikin wani ginshiƙin dutse a Paris tun ƙarni na 1, da kuma Pan, abin bautar Girkawan dā mai ƙafafun akuya. Sai ƙarnuka bayan haka masu zane na Kirista a Turai suka riƙa ɗora wa Shaiɗan ƙaho da kofato, daga nan siffofin suka cuɗanya a idon jama'a.

Sai dai tsufan Cernunnos bai sa Wicca ta tsufa ba. Addini ne na ƙarni na 20.