Asabar da Lahadi a Istanbul: ga amsoshin nan, dan Allah a karanta kafin a sake kirana

Duk wanda ya yanki tikitin Istanbul na kwana biyu sai ya neme ni, kuma tambayoyin ba sa canzawa, su ɗin dai su ɗin dai. Na amsa wa wannan na amsa wa wancan har bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na tattara su wuri ɗaya. Wanda ya sake kawo min tambayar da ke cikin nan, nan ɗin zan maido shi.

Kwana biyu zai ishe ni in ga garin?

A'a. Gari ne mai mutum sama da miliyan 15, wani ɓangare a Turai wani a Asiya, teku ya ratsa tsakani. Kwana biyu zai ishe ka ka ci mai daɗi, ka shiga manyan masallatai, ka hau ruwa, amma ba zai ishe ka ka gama gari ba. Masu dagewa sai sun ga komai su ne ke dawowa da kumburarriyar ƙafa da hoto ɗari uku na wuraren da ko tsayawa ba su yi sun kalla ba.

Ina buƙatar biza?

Fasfon da ke hannunka ne zai faɗa, ba ni ba. Tambayi ofishin jakadancin Turkiyya, kuma tun kafin ka biya kuɗin jirgi, ba ana saura kwana huɗu ba.

Na ga otal mai araha amma da ɗan nisa, in kama?

Kar ka kama. Abin da ka rage a kuɗin ɗaki za ka biya shi da awanni a cikin gosulo, kuma kai awannin ne ba ka da su. Nemi ɗaki a unguwar Sultanahmet, Sirkeci ko Karakoy, inda za ka taka da ƙafa zuwa tashar tiram T1, wato jirgin ƙasan da ke bin titi a cikin gari. Layin nan ɗaya shi ke bi ta Babbar Kasuwa, Sultanahmet, Eminonu, ya haye gadar Galata ya je ya tsaya Kabatas, kusan duk abin da ya kawo ka yana bakinsa.

Wane filin jirgi zan sauka?

Malam duba tikitinka mana. Biyu ne. Akwai sabon filin Istanbul a ɓangaren Turai, wanda aka koma cikinsa gaba ɗaya a 2019, kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, sai Sabiha Gokcen can ɓangaren Asiya. Kowanne metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, na zuwa, layin M11 na sabon, M4 na Sabiha. Kuma ka duba na komawa daban, ba dole ba ne inda ka sauka nan za ka tashi.

Abincinsu halal ne?

Hajiya kwantar da hankalinki, ki ci. Naman alade da wuya ki gamu da shi a gidajen abincin da mutanen gari ke ci, sunansa "domuz" in har kin gan shi a rubuce. Inda nake son a buɗe ido shi ne abin sha. Akwai ayran, yogot ne da ruwa da ɗan gishiri, shi ake korawa da kebab. Akwai kuma raki, giya ce mai ƙarfi, in aka zuba mata ruwa sai ta koma fara tas kamar madara, har su da kansu nonon zaki suke ce mata. Saboda haka ba duk farin abu a kofi ba ne ayran, kar ki nuna na teburin wani ki ce a kawo miki irinsa, ki kira sunan abin da kike so. Wurin da kika ga an rubuta meyhane gidan shan raki ne da ƙananan abinci, inda aka rubuta "alkolsuz" kuwa babu barasa.

To ni ina sha, ina zan samu?

Unguwannin Beyoglu da Kadikoy. Kantuna ba sa sayarwa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, dokar ƙasar ce tun 2013. Kuma ba a harabar masallaci ko kusa da shi ba, wannan ai ko ba a faɗa ba.

Ya zan raba Asabar da Lahadi, me zan fara da shi?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi min amma kullum sai ta zo ƙarshe. Ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya miƙo maka tsari bai tambaye ka ƙarfe nawa za ka sauka ba, wane wata ne, da wa za ka tafi, bai taimake ka ba. Abu ɗaya dai ba ya canzawa: Babbar Kasuwa, wadda suke kira Kapalicarsi, ba ta buɗewa ranar Lahadi. Na faɗa na sake faɗa, amma har yau ana samun mai ajiye sayayya sai ranar ƙarshe ya je ya tarar da ƙofa a garƙame. In kana son ta, Asabar ce kawai taka, kuma kasuwa ce mai shago wajen 4,000 da lunguna sama da 60, ba wurin leƙawa na minti goma ba ne.

In ka sauka daren Juma'a ka samu barci, to ni abin da zan ce shi ne ka yi sammako Asabar ka fara da Sultanahmet kafin manyan bas-bas su sauke mutane. Ayasofiya tana nan, an gama ta a shekara ta 537 a matsayin coci, Sultan Muhammad Fatih ya mai da ita masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a 2020, kuma tun 2024 masu zuwa kallo biya suke yi su hau bene ta ƙofarsu daban, masu sallah tasu daban. Daura da ita masallacin Sultan Ahmad ne mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609, shi kyauta ne amma ana tsayar da masu kallo lokutan sallah. Waɗannan biyun kaɗai da layinsu za su iya cinye maka safiya. Daga nan ne matsalar take, domin fadar Topkapi tana bayansu tana jira, ita kuwa ƙasa da awa uku ba ka yi mata adalci ba, musamman ɗakin amanoni inda ake ajiye takubba da kayan da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbansa, waɗanda Sultan Salim na ɗaya ya kawo bayan ya ci Masar a 1517, ana ta karatun Alƙur'ani a ciki. In ka shiga Topkapi da rana, to kasuwa ta koma la'asar kuma a gajiye za ka je mata. In kasuwar ce ta fi maka muhimmanci, ɗaga Topkapi zuwa safiyar Lahadi, tana buɗe, Talata ce ranar hutunta. Akwai kuma Yerebatan a nan kusa, tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙi 336, tana da kyau ƙwarai, amma in layi ya kai titi ni zan ce ka wuce, sai dai in abin ya daɗe a ranka.

In kuwa safiyar Asabar za ka sauka, kar ka yaudari kanka, rabin yinin ya tafi tsakanin layin fasfo, hanya da ajiye kaya. Tafi kasuwa kai tsaye, daga can ka haura masallacin Sulaimaniyya da ƙafa, wanda shahararren magini Mimar Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, ka yi magariba a can ka tsaya a bayan harabar ka kalli ruwa da garin a ƙasa, Sultanahmet kuma ta koma Lahadi da sassafe. Wata ma yana da tasiri: a Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, kana da yini mai tsawo amma ga zafi ga cunkoso, a Disamba kuwa kafin shida duhu ya yi, ga ruwa ga sanyi, dole ka cire wuri ɗaya ko biyu daga lissafi. Haka in da tsoho ko ƙananan yara a tare, garin tuddai ne da titin duwatsu, abin da saurayi zai yi a awa ɗaya ku ba shi biyu.

Lahadin kuma ya danganta da jirginka. In na dare ne, fara da Kasuwar Masar da ke Eminonu, ta kayan ƙamshi da alewa da busassun 'ya'yan itace, ita tana buɗewa Lahadi, sai ka zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ka haye Asiya, ko ka hau tiram T5 zuwa Eyup ka ziyarci kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari, wanda ya sauki Annabi a gidansa a Madina. Ana cika sosai a can ƙarshen mako, ka je da haƙuri. Duka biyun suna yiwuwa a yini ɗaya ga mai ƙarfin ƙafa da ya fito tun asuba, amma ba zan ɗora wa kowa ba. Wanda kuma tafiyarsa ta haɗa da Juma'a da rana, manyan masallatan ba sa karɓar masu kallo sai an idar.

In biya kuɗin yawon teku da ake tallatawa a titi?

Ba sai ka biya ba. Hau jirgin ruwan da mutanen gari ke hawa daga Eminonu zuwa Kadikoy ko Uskudar da ke ɓangaren Asiya, da katinka na mota, ba ya kai rabin awa, ka sayi shayi a ciki ka zauna waje. Wallahi in da abu ɗaya zan tilasta wa kowa a wannan tafiyar, shi ne. Ka daidaita dawowar da faɗuwar rana, ƙubbobi da hasumiyoyi duk suna gabanka.

Wane kati kuma?

Istanbulkart. Na'urorin tashoshi ke sayarwa, ka zuba masa kuɗi, da shi za ka shiga tiram, metro, bas, jirgin ruwa, har Marmaray mai bi ta ƙarƙashin teku. Tasi sai in dole, kuma mita a kunne. Ya ce mita ta lalace, sauka.

A ina zan ci to?

Ba inda wani ke tsaye a ƙofa yana jan hannunka da takardar abinci mai yare biyar ba. Ka shiga lungu ɗaya ko biyu daga babban titi ka nemi esnaf lokantasi, gidan abincin 'yan kasuwa da ma'aikata, tukwane a jere bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Da safe simit, burodin nan mai zobe da riɗi, da shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, in kana da lokaci ka zauna ka ci menemen, ƙwai da tumatur da tattasai a kasko. A Eminonu akwai kifi a burodi a bakin ruwa. Gaban Sulaimaniyya akwai jerin masu dafa farin wake da shinkafa, kar ka raina shi don wake ne. Kadikoy kuwa ka je da yunwa, lahmajun, pide, doner, ka rufe da baklawa ko kunefe da zafinsa. In lokacin sanyi ne sha salep, madara ce mai zafi da kirfa a kai. Boza kuwa abin sha ne na hatsi da ake barin sa ya ɗan tsima, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bar shi, ba a rasa komai ba. Kifi a gidan abinci kuma ka tambayi kuɗinsa kafin a ɗora a wuta, ba bayan ka cinye ba.

Dala zan riƙe ko kati?

Lira ake kashewa. Katin banki yana aiki kusan ko'ina, amma riƙe 'yan lira na simit da shayi. Kaɗan za ka canza a filin jirgi, sauran a wurin 'yan canji cikin gari, "doviz" ake rubutawa a ƙofarsu.

Wani ya tare ni a titin Istiklal, mutumin kirki, ya ce mu je mu sha wani abu.

Kar ka bi shi. Haba. Tsohuwar dabara ce, zai kai ka wurin da suka sani, a kawo maka lissafin da ya fi kuɗin otal ɗinka, ga ƙarti a ƙofa. Haka mai goge takalmin da burushinsa ke faɗuwa a gabanka, wuce abinka. Wannan ba ya nufin ka ji tsoron garin, mutanensa suna da karamci, mai shago zai ba ka shayi ko ba ka saya ba, ka sha ka yi godiya.

Me zan sa in shiga masallaci?

Mata mayafi da doguwar sutura, maza wando ya rufe gwiwa, takalmi a cire. Sa mai sauƙin cirewa, kuma wanda ka saba da shi, ba sabo ba.

Jirgina ƙarfe tara na daren Lahadi ne, yaushe zan bar cikin gari?

Ƙarfe biyar kana kan hanya da kayanka, kuma ta metro in za ka iya jan akwatin. Ba biyar ɗin da za ka ce bari in leƙa shago ɗaya ba.