Imel na Kasuwanci: Amsoshi ga Masu Sayar da Kaya ta Waya a Katsina

Da wuya ka shiga unguwa a Katsina yanzu ka rasa mai sayar da kaya ta waya: turaren wuta da humra, atamfa da leshi, kilishi, huluna, takalma. Ga tambayoyin da irin waɗannan 'yan kasuwa suka fi yi idan aka kawo musu zancen imel.

Ni cinikina duk a WhatsApp ne, me zan yi da imel?

Gaskiyarki Hajiya, mai sayen humra a Ƙofar Ƙaura ko Jibiya ba zai aiko miki da imel ba, kira zai yi ko ya turo murya. Amma kasuwancinki ya daɗe yana tsaye a kan imel ko da ba kya buɗe shi. In wayarki Android ce, da adireshin Gmail aka saita ta, kuma can WhatsApp ke ajiye kwafin hirarki da kwastomomi. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta intanet ake yi, sai kin ba da imel. Haka Paystack da Flutterwave in kina son karɓar kuɗi ta kati, haka Jumia in za ki sa kaya. Ranar da wani babban kanti a Abuja ko Legas ya nemi sarin turarenki kuwa, abin da za su fara cewa shi ne ki turo takardar farashi ta imel.

Ai ina da shi tun ina makaranta. Ba zai yi ba?

Duba sunan da ke jiki. Yawanci laƙabi ne na ƙuruciya da shekarar haihuwa a ƙarshe. Wanda bai taɓa ganinka ba, kuma yake shirin tura maka kuɗi kafin kaya su iso, wannan sunan zai fara karantawa. In Instagram ɗinka na ɗauke da sunan shago, asusun banki wani suna daban, imel kuma wani laƙabi, dole ya yi jim. Ban da haka, saƙon oda yakan nutse cikin tarkacen talla na tsohon akwati. Ware wa kasuwanci nasa.

Yaron da ya saita mini waya ne ya buɗe mini, ban ma san kalmar sirrin ba. Akwai matsala?

Akwai, kuma ita ce ta fi damuna a duk wannan batu. Yadda abin ke faruwa sananne ne: a sayi waya, a miƙa wa mai shagon gyara ko wani ɗan gida, ya ƙirƙiri adireshi a tsaye, ya sa lambarsa a wurin lambar dawo da asusu, ya rubuta kalmar sirri a bayan kwali, kwalin kuma ya ɓata. Ba lallai da mugun nufi ba. Amma daidai yake da ka bar makullin shagonka a aljihun wani. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, lambobin kwastomomi da hotunan kaya da shafin Instagram da aka sha wahalar tara masa mabiya duk suna bayan ƙofar da ba ka iya buɗewa.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Tun wayar na hannunka, zauna da wanda ya buɗe, ku canza kalmar sirri zuwa wadda kai kaɗai ka sani. Sa lambarka da kanka, layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinka, domin in ya ɓata kai ne za ka iya zuwa a yi maka walkam bak. Kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an tabbatar ta wayarka kafin a shiga asusun. Kuma kada ka bar layin ya mutu: layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya sayar wa wani, saƙon lambobin shiga asusunka ya koma hannun baƙo. Shi ma Google, kamfanin da ke da Gmail, tun Disamba 2023 yake da dokar cewa yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Gmail ya isa, ko sai na sayi adireshi mai sunan shagona?

Mataki biyu ne. Na farko kyauta: Gmail da sunan kasuwanci tsaf, da wurin ajiya gigabayit 15. Ga mai sayar da ɗaiɗai daga gida, a ganina wannan ya wadatar, kada ta takura wa jarinta.

Na biyu shi ne ka sayi suna naka, wanda ake kira domen, adireshinka ya zama kamar oda@sunanshagonka.com.ng. Sunayen da ke ƙarewa da .ng da .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su a Najeriya, ana saye ta hannun dillalan da ta amince da su, a riƙa sabuntawa duk shekara. Sannan a haɗa shi da mai ba da akwatin saƙo irin su Zoho Mail ko Google Workspace ko Microsoft 365. Amfaninsa? Kowa na iya buɗe Gmail mai kama da naka ya ƙara harafi ɗaya, amma ba mai buɗe akwati a ƙarƙashin domen ɗinka sai da izininka. Kana iya ba yaron shago adireshinsa, in ya bar aiki ka rufe, saƙonni su zauna wurinka. Duk mai mu'amala da kamfanoni ko neman kwangilar kawo kaya, wannan ya kamace shi. Sai dai a kula: rajistar ta kasance da sunanka, ba da sunan wanda ya haɗa maka ba, kuma in ka bari ta ƙare saƙo ya daina shigowa, wani ma yana iya saye sunan.

Wane irin suna zan zaɓa?

Wanda za ka iya faɗa a waya sau ɗaya a rubuta daidai. Gajere, ba tarin lambobi, iri ɗaya da na Instagram da takardar CAC. Adireshin Gmail ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ, sai a yi amfani da k da d da b.

Me ya sa saƙona ke faɗawa wurin tarkace (spam) a akwatin wanda na tura wa?

In domen ne naka, galibi ba a kammala saitin da ke shaida cewa kai ne mai aikowa ba, wato SPF da DKIM. Tun Fabrairu 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta a kan wannan. Ka ce wa wanda ya haɗa maka ya duba su. Kai kuma ka rubuta kan saƙo a fili, misali "Farashin kilishi, kwali 20", ka daina tura talla ga wanda bai nema ba.

An turo mini imel cewa dilana ya canza lambar asusu. In tura?

Alhaji, dakata. Wannan tsohuwar hanyar 'yan damfara ce: su kwaikwayi adireshin dila ko su shiga akwatinsa. Kira shi a lambar da ka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, ka ji daga bakinsa. Haka in saƙo ya zo wai kuɗi sun shigo, kada ka ɗora kaya a mota sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka.