Waiwaye: Daga Ina Baƙin Filin Gefen Talabijin Ya Samo Asali?

A gidajen kallo na Gusau da Ƙaura Namoda ana ta cacar baki tun da talabijin ta bango ta fara korar tsohuwar akwati. Wasu na cewa ta ɓata tsofaffin finafinan Hausa, jarumai sun koma gajeru masu ƙiba. Wasu kuma da sun ga baƙin fili dama da hagu sai su ce jabu aka sayar musu. Maganar ta girme mu duka.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 hoton fim yake da faɗi huɗu da tsayi uku, wato 4:3, talabijin kuma ta gaji wannan siffa. Da ita tashar farko ta Najeriya ta fara aiki a Ibadan a 1959. Masu silima a Amurka kuwa, ganin talabijin na janye musu 'yan kallo, sun faɗaɗa nasu hoton a 1953 har faɗin ya haura ninki biyu na tsayi. Japan ma ta fito da nata hoton talabijin mai tsananin tsabta a 5:3.

Shekarar da ba a cika tunawa ba ita ce 1984. Wani injiniya a Amurka, Kerns Powers, ya yanko siffofin nan da ake amfani da su, kowace da yawan fili iri ɗaya, ya ɗora su tsakiya kan tsakiya. Sai ya ga firam ɗin da ya haɗiye su duka, da kuma ɗan filin da suka yi tarayya a kai, kusan 16:9 ne. Dabara ce mai kyau, a 1990 ma aka amince da ita a matsayin ma'aunin duniya na talabijin mai tsananin tsabta, ita ce siffar talabijin ta bango. Amma sulhu ne tsakanin siffofin da tuni suka yi yawa, don haka babu wadda ta cika shi daidai. Hoton 4:3 yana barin kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar talabijin baƙi ƙirin, fim ɗin silima kuma ya bar nasa sama da ƙasa.

Mu kuwa kaset ɗin bikinmu da tafsiran da aka ɗauka da tsohuwar kyamara duk 4:3 ne. Mai gidan kallo ba ya son ƙorafin wanda ya biya kuɗi, sai ya danna rimot hoto ya cika, kowa ya ƙara faɗi da sulusi. Yanzu ga bidiyon waya da ake ɗauka a tsaye, wanda ko sulusin fuskar ba ya cikawa.