Tsargiya: tsutsar da ke rayuwa tsakanin mutum da dodon koɗi

Tsargiya, wadda a Sudan aka fi sani da bilharsiya, cuta ce da wata tsutsa mai suna Schistosoma ke haddasawa. Tsutsar tana cikin halittun da ba sa rayuwa sai a jikin wata halitta, kuma zagayen rayuwarta ba ya cika sai ta bi ta jikin masu masauki biyu: mutum da dodon koɗin ruwan daɗi. Da wuya ɗalibin kimiyyar halittu ya sami darasin da ya fi wannan kusa da shi, musamman wanda ya tashi a Jazira ko Mai Wurno, inda tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa, take ƙofar gida.

Iri biyu ne suka fi yawa a Sudan. Schistosoma haematobium tana zama a jijiyoyin jinin mafitsara, ita ke kawo fitsarin jini. Schistosoma mansoni kuwa jijiyoyin hanji take kamawa, ta lalata hanta. Namijin tsutsar bai wuce santimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Macen ta fi shi tsawo da siranta, kuma tana kwance ne cikin wani kwari da ke jikinsa, haka suke zama a manne shekara uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum.

Wani ɓangare na ƙwan yana fita ta fitsari ko bayan gida. Idan ya faɗa a busasshiyar ƙasa, shi ke nan, ya mutu. Idan kuwa ya sami ruwan daɗi, sai ya ƙyanƙyashe wata 'yar halitta mai gashi-gashi da ido ba ya gani, wadda ke iyo tana neman dodon koɗi. Sa'o'i kaɗan gare ta, kuma ba kowane dodon koɗi ke karɓarta ba: ta mafitsara sai Bulinus, ta hanji sai Biomphalaria. A cikinsa ne abin mamakin yake faruwa. Halitta ɗaya tilo, ba tare da haɗuwar namiji da mace ba, za ta yi ta ruɓanya har ta zama dubbai. Bayan mako huɗu zuwa shida sai su riƙa fitowa cikin ruwa, kowace da wutsiya mai baki biyu. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara wanka. Ba sai an sha ruwan ba: cikin mintuna suke huda lafiyayyar fata, su yar da wutsiyar, su bi jini ta huhu zuwa hanta, inda suke girma su haɗu biyu-biyu.

Abu biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe. Tsutsar ba ta ƙaruwa a jikin mutum, don haka yawanta ya danganta da yawan shiga ruwa. Sannan ba ita kanta ke yin mafi yawan ɓarnar ba, ƙwan da ya maƙale ne. Garkuwar jiki takan kewaye shi, wurin ya kumbura, ya zama tabo, kuma tabon shekaru shi ke taurara hanta ko ya kai ga sankarar mafitsara. Abin takaici ne yadda a wurare da dama ake ɗaukar fitsarin jinin yaro a matsayin alamar balaga. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a 1851 yayin binciken gawa a Alƙahira. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa dodon koɗi ne tsanin da ire-iren nan biyu ke hawa. Sudan ma tana da rabonta a tarihin: a 1918 likita J. B. Christopherson, da ke aiki a Khartum, ya wallafa nasarar da ya samu ta yin allurar sinadarin antimoni. Allurar tana da wahala da haɗari, amma da ita aka dogara shekaru masu yawa.

Da aka kammala madatsar Sennar a 1925, ruwan Shuɗin Nilu ya shiga gonakin auduga na Jazira, Hausawa da Fulani da dama suka sami aiki a can. Sai dai ruwan tur'a mai tafiya a hankali, ga ciyawa a gefe, shi ne ainihin abin da dodon koɗi ke so, cutar ta kafu.

Yau maganin shi ne firazikwantel, ƙwayar da aka samar a shekarun 1970, ana ba da miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin mutum. Yana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ya hana sake kamuwa, shi ya sa ake maimaita rabonsa a makarantu. Ruwan wanka da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu yakan kuɓuta, domin masu wutsiyar ba sa daɗewa da rai idan ba su sami fata ba. Masai kuwa yana tare ƙwan tun kafin ya kai ga tur'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 sama da mutum miliyan 250 ne ke buƙatar maganin, aƙalla kashi 90 cikin 100 a Afirka.