Abin da lambar da ke jikin farantin sulke take nufi

Duk wanda ya juya farantin da ake zurawa cikin rigar sulke yakan ga wata lamba a bayansa, kamar III ko IV. Mutane da yawa sun ɗauka shaida ce cewa harsashi ba ya huda shi. Ba haka ba ne. Alkawari ne mai iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba yana wasa da ransa.

Lambar ta fito ne daga ƙa'idar cibiyar NIJ da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka. Ba doka ce ta dole ba, amma tallafin da gwamnatin tarayyar Amurka ke bai wa 'yan sanda don sayen sulke ba ya biyan kuɗin wanda bai cika ta ba. A ƙa'ida mai lamba 0101.06 ta 2008, sai farantin mataki na III ya tare harsashi shida na bindigar yaƙi, samfurin 7.62x51, masu gudun mita 847 a daƙiƙa. Mataki na IV kuwa da harsashin .30-06 mai huda ƙarfe ake gwada shi, kuma harbi ɗaya kacal ya isa a ba shi shaidar. Nan mutane ke ruɗewa. Yawancin faranti na IV tangaran ne, shi kuwa tangaran da farfashewa yake cinye ƙarfin harsashi. Wurin da aka taɓa harba ya riga ya yi rauni.

A ɗakin gwaji, ana ɗaure farantin a jikin akwati cike da yumɓu. Bayan harbi sai a cire shi, a auna ramin da ya lotsa a yumɓun. In zurfinsa ya wuce milimita 44, farantin ya faɗi ko da harsashin bai ratsa ba. Ka auna milimita 44 da yatsunka, ka kai kan ƙirjinka. Mutum na iya tsira da rai amma ya tashi da karyayyen haƙarƙari.

Ƙa'idar 2008 ɗin tana da giɓi babba: matakin III bai haɗa da harsashin AK-47 ba, bindigar da ta addabi yankinmu, bai kuma haɗa da harsashin 5.56 ba, wanda M193 da M855 nau'o'insa ne. Ga shi harsashin M193 saboda tsananin gudunsa yakan huda wasu farantan ƙarfe, M855 kuma yakan ratsa na roba zalla. Kamfanoni sai suka ƙirƙiro “III+”, wanda NIJ ba ta taɓa amincewa da shi ba. A 2023 aka fitar da 0101.07 da sababbin sunaye. RF1, wanda ya maye gurbin III, ya haɗa da harsashin AK mai cikin ƙarfe mai laushi da M193, RF2 ya ƙara M855, RF3 ya maye gurbin IV.

Batun ƙarko ya fi damuna. Kafin harbi ana gasa faranti kwana 10 a zafin digiri 65 da laima, a jiƙa shi da ruwa, a kuma sake shi ya faɗi. Wannan na nuna zai jure wahala daidai gwargwado. Bai nuna zai jure shekaru ana jefa shi bayan mota, ana zama a kansa, rana na dukansa ba. Tsagewar cikin tangaran ido ba ya ganinta, shi ya sa sojojin Amurka ke ɗaukar farantansu hoton ƙashi. In ka ji abu na motsi a ciki, ko rufin ya ɗaye, ko gefe ya kumbura, a ajiye shi. Garantin yawancin kamfanoni shekara 5 ne.

Sannan farantin da aka fi sawa bai wuce santimita 25 da 30 ba. Zuciya da huhu yake rufewa. Wuya, hamata da mara suna waje. Mai saye kuma ya lura, “an gwada bisa ƙa'idar NIJ” daban yake da samun shaidarta. Sai ya ga samfurin a jerin kayan da cibiyar ta wallafa kafin ya biya kuɗi.