Bambance kaza da zakara

Bambance kaza da zakara shi ne gane mace da namiji a cikin kaji ta hanyar duba siffar jiki, gashi, murya ko ɗabi'a. A kan manyan kaji aikin ba shi da wuya, ko yaro ya san zakara in ya gan shi. Wahalar tana wajen 'yan tsaki, domin kaji ba su da al'aura a fili, kuma tsako na fitowa daga ƙwai bayan kwana 21 yana kama da 'yan uwansa. Mai kiwo yana buƙatar sani da wuri saboda lissafi: kaza tana yin ƙwai ko babu zakara a gidan, zakara ɗaya kuma ya ishi kaji kamar 10 idan ana son ƙyanƙyasa. Sauran zakarun abinci kawai suke ci, su yi ta faɗa da juna, su tsige wa kaji gashin baya.

Asalin bambancin

A wajen tsuntsaye, uwa ce ke yanke jinsin ɗa. Zakara yana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya guda biyu da ake kira ZZ, kaza kuma tana da ZW. Idan ƙwan ya ɗauki Z daga uwa sai a sami namiji, idan W ya ɗauka sai mace. Wannan kishiyar abin da ke faruwa ne a wajen ɗan Adam. Tun kafin kaza ta saka ƙwan an gama magana, don haka zafin kwanci ba ya mayar da mace namiji, kuma zancen da ake yi cewa dogon ƙwai zakara ne, mai kewaye kuma kaza, ba shi da tushe. Siffar ƙwai ta kazar da ta saka shi ce. A jimlace rabi maza ne rabi mata, ko da yake a kwanci ɗaya na ƙwai 10 ana iya samun zakaru 7.

Ranar ƙyanƙyasa

Manyan gidajen ƙyanƙyasa suna rarrabe 'yan tsaki tun suna kwana ɗaya. Tsohuwar hanyar ita ce duba dubura, wadda aka ƙware a kanta a Japan cikin shekarun 1920, kuma masana biyu, Kiyoshi Masui da Juro Hashimoto, suka fitar da littafi a kanta a 1933. Ana matsa cikin tsakon a hankali ya yi kashi, a buɗe duburar ƙarƙashin haske, a nemi wani ɗan ƙullutu da ke nuna namiji. Wanda ya ƙware yana duba ɗaruruwa cikin awa guda da kuskure kaɗan. Wanda bai koya ba kuwa yana iya kashe tsakon, kuma ko bai kashe shi ba zai yi ta zato ne kawai.

Sauran hanyoyin biyu sun dogara ga gadon da ke kan Z. Idan aka haɗa zakara mai saurin fitar da gashi da kaza mai jinkirin fitarwa, matan da aka ƙyanƙyashe za su fito da gashin fiffike hawa biyu, dogo da gajere, mazan kuma nasu kusan tsawo ɗaya. Idan aka haɗa jan zakara da kaza mai gadon fari, mata kan fito ja-ja, maza fari-fari. Haka ake rarrabe jajayen kajin ƙwai irin su ISA Brown, kuma mazan nan farare su ne ake sayarwa da araha ga masu son kiwon zakaru. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, Reginald Punnett da Michael Pease sun samar da irin kajin da launin tsakonsu ke nuna jinsi a kowace haihuwa, kamar Cambar da Legbar.

Abin lura a nan shi ne duk wannan ba ya aiki a kan kajin gida. Kajin Hausa da ke yawo a tsakar gida gaurayen jini ne, kowane zakaran unguwa yana da hannu a ciki, don haka buɗe fiffiken tsakonsu ana auna gashi ɓata lokaci ne.

Daga wata ɗaya zuwa wata biyar

Mai kajin gida jira yake yi, alamun su zo ɗaya bayan ɗaya. Zanko ne ke fara magana. Tsakanin mako 4 da mako 8, na namiji yakan girma ya yi ja, tare da fatar nan biyu da ke reto ƙarƙashin baki, alhali na mace yana nan ƙarami, fari-fari, har sai ta kusa fara ƙwai. Sai dai a kwatanta tsaki da sa'ansa kuma irinsa, domin akwai irin da matansa ke da babban zanko, kamar Leghorn. Ƙafar namiji ta fi kauri da tsawo, yana tsayawa a miƙe, kuma in an ji motsi yakan ɗaga kai ya duba lokacin da mata ke laɓewa. Waɗannan duka alamu ne masu taimako, amma kowace a cikinsu tana iya yaudarar mutum.

Wadda ba ta cika yaudara ba ita ce siffar gashi, kuma tana bayyana ne daga wajen mako 12 zuwa 16. A gadon bayan namiji, dab da jela, wasu gasu sirara masu tsini da sheƙi suna fitowa su zubo ta gefe biyu. Na wuyansa ma haka suke, dogaye masu tsini. A jela kuma sai dogayen nan masu lanƙwasa kamar lauje. Gashin mace a duk wuraren nan bakinsa a kewaye yake, ba ya sheƙi sosai. Ana gani da kyau idan aka sa yatsa ko takarda ƙarƙashin gashin bayan, a duba bakinsa. Jela kaɗai ba ta isa hujja ba, don akwai sagarun da jelarsu ke da tsawo. Tsinin nan na bayan ƙafa da zakara ke faɗa da shi kuwa yana makara, sai bayan watanni yake girma, kuma wasu tsofaffin kaji ma suna da shi.

Cara takan fara ne a wajen wata 4 zuwa 5, da farko a shaƙe, kamar ana koyo. A wannan lokacin ne zakara ke fara kiran kaji idan ya ga tsaba, yana ɗauka yana yarwa, yana kewaya su da fiffike ɗaya a ƙasa. Sagara kuma takan durƙusa ta buɗe fiffike idan an kai hannu bayanta, alamar ƙwai ya kusa. Kajin gidan gona suna farawa a mako 18 zuwa 22, na gida sukan kai wata 6 ko fiye.

Inda ƙa'idar ke karyewa

Zakaran irin kajin da ake kira Sebright gashin mace gare shi, ba tsini ba lauje. Silkie kuma, mai gashi kamar auduga, yakan rikita har ƙwararru sai ya yi cara ko ya yi ƙwai. Ƙaramin zakara da ke ƙarƙashin babba yakan jinkirta cara don tsoron duka.

Akwai kuma kazar da ke cara, abin da mutane da yawa ke camfawa. Kaza tana aiki ne da ma'ajiyar ƙwai ta hagu kaɗai, ta dama ba ta girma. Sinadarin da ta hagu ke fitarwa shi ne ke hana gashin maza fitowa a jikinta. Idan cuta ko ƙari ya lalata ta, ta dama tana iya farfaɗowa ta riƙa fitar da sinadarin maza. Sai kazar ta daina ƙwai, zankonta ya girma, bayan ta sake gashi ya fito da tsini, wani lokaci har ta yi cara. A gadonta dai tana nan ZW.

Ganewa tun cikin ƙwai

Masana'antar ƙwai ba ta da amfani da maza, shi ya sa a ƙasashe da yawa ake kashe su ranar da aka ƙyanƙyashe. Jamus ta haramta hakan daga 1 ga Janairu 2022, Faransa ta bi baya. Gidajen ƙyanƙyasa a can sun koma ga na'urorin da ke gane jinsi tun tsakon yana cikin ƙwai, wasu ta hanyar haska ƙwan, wasu ta huda ɗan ƙaramin rami a ɓawo a ɗebi ɗigon ruwa a gwada, sannan a cire ƙwan maza daga injin kafin su ƙyanƙyashe.